Aminci Ta Koma Tarihi

A tashar bas ta Fordham Road, can a ƙasar waje, wata mai sayar da turare ta ji wani mutum sanye da kayan asibiti ya gama waya da Hausa.

"Bawan Allah, ashe namu ne. Wannan murmushi fa?"

"Daga Jos nake, Hajiya. 'Yata ce, Aminci. Na tura ta kwaleji ta zama likita, ta koma karatun tarihi. Wata uku ban yi mata magana ba."

"Tarihi? Mu a Maraɗi tsofaffi ke ba da shi kyauta."

"Haka na ce mata! To, malaminsu ya ce kowa ya naɗo labari daga bakin tsoho. Yarinyar da in ka yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci, jiya awa biyu ta yi a waya da mahaifiyata. Da Hausa, Hajiya!"

"Mi tsohuwa ta gaya mata?"

"Sunan ƙauyenmu na asali, da yadda aka tashe su saboda haƙar kuza. Shekarata hamsin da biyu, ban taɓa ji ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba dai."

"Ban taɓa ba."

"Tawa uwar ta rasu bara, ba wanda ya naɗi muryarta. Ka bar ɗiyar nan ta yi karatunta."

"Ai na bari. Yanzu a wayar nan muka shirya."

Ta gyara kwalaben turarenta. "To, in ta gama da kakarta, ka turo mini ita. Kullum ina nan."