Furar Gayya Ta Yi Tsami

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu. Sunana Audu, manomi ne ni a wani ƙauye na ƙasar Ɗambatta. A rediyon ƙofar gidan dagaci muke jin ka.

Shekara uku ke nan da maƙwabcina Tanko ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya biyar. Mazan unguwa muka ɗauki nome gonarsa da gayya, mata suna taya sussuka, liman yana karantar da yaran. Bana na sa ranar Laraba don noman firi. Na ce wa matarsa Habi, "Kada ki wahalar da kanki, mun yafe fura." Ta ce, "Haba Malam Audu, a yi gayya a gonar Tanko mutane su tashi da yunwa? Allah ya kiyaye!" Ta share rumbu, ta dake ɗan geron da ya rage musu.

Laraba da safe sai ga dogari, wai Bature yana son majiya ƙarfi a aikin hanya. Aka kwashe mu kaf, kwana goma sha biyu. Yara suka sha abin da za su iya, sauran furar ta lalace a ƙwarya. Da muka dawo ciyawa ta shanye gonar, kowa ya ruga tasa. Sau biyu na yi shela, ba wanda ya fito. Ina ruwan maraya da hanyar mota, Malam?

Jiya Habi ta tare ni a bakin rijiya, ta ce, "Yaushe za a sake sa rana?" Jama'a, me zan ce mata? Ba geron dakawa a rumbu, ba na nomewa a gona.