Kwana Goma Sha Ɗaya a Bayan Dutse

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro, dattijonmu Jumabai, limamin masallacinmu, likitar dabbobi, Malama Gulnara, wadda ta hau doki tun daga gari saboda mu, iyayenmu mata da suka cika filin nan da ƙamshin nama, makiyayan kwarin Alai, manya da ƙanana, ina gaishe ku.

Na gode da kuka zaɓi garkena, kuka ce ni Mamatkul in tashi in faɗi dabarar da ta fitar da shanuna daga sanyin bana ba asarar ko ɗaya. Jama'a, ba ni da dabara. Dabarar tana wurin topoz, shanunmu masu gashi har ƙasa.

Kun tuna guguwar watan Janairu da ta toshe mashigar dutse da dusar ƙanƙara. Shanuna arba'in da biyu suna can baya, ni ina gida, kwana goma sha ɗaya ban san halinsu ba. Su ne nononmu, su ne namanmu, kashinsu ne wutar murhunmu. Matata Burul har ta daina sa mini man shanu a shayi, wai in fara sabawa.

Ranar da hanya ta buɗe, maƙwabcina Toktosun ya zo da wuƙaƙe biyu. Ya ce, "Yaya, karɓi ɗaya, ko fata mu tsira da ita. Tun bara na ce ka sayi irin nawa na Turai."

Na ce, "Naka da kake lulluɓa wa bargo, kana ɗumama musu ruwa kamar masu jego?"

Ya ce, "Masu jegon nawa dai na san inda suke."

Muka hau, ƙanƙara har ƙirjin dawaki. A kwarin da na bar su babu ko sawu. Hawaye ya daskare mini a gemu. Sai Toktosun ya taɓa ni, ya nuna sama.

Ga abin da muka gani. Na farko, sun gudu daga kwari sun hau tudu, inda iska ke share ƙanƙara, kuma wadda ta ja su ita ce Kashka, tsohuwar saniyar da na so yankawa da kaka. Ashe da tsohuwar zuma ake magani. Na biyu, ƙanƙara ta kwanta a bayansu ba ta narke ba, domin gashin nan ba ya barin ɗumin jiki ya fita. Na uku, suna tonon ciyawa da kofato, sun sa maruƙa a tsakiya, manya sun ba iska baya. Sun rame, amma a tsaye suke, suna kallonmu kamar mu ne muka ɓata.

Sau uku Toktosun yana ƙirgawa, arba'in da biyu cif. Sannan ya mayar da wuƙarsa kube, ya ce, "Yaya, in Kashka ta haifi mace, ka tuna haƙƙin maƙwabtaka."

'Yan'uwa, ban hana kowa shanun waje ba, suna da nono. Amma kada mu rabu da topoz, wanda ya san dutsen nan tun kafin kakanninmu, kada kuma juriyarsa ta sa mu kasalar tanadin ciyawa.

Allah Ya sa albarka a garkunanmu, Ya cika su da maruƙa a bazarar nan, Ya jiƙan magabatanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.