Kiɗan da Ba Zai Kori Maigidana Ba

Shugabar wannan taro, malamarmu da ta yi haƙuri da mu, iyayenmu mata da ke gaba, 'yan uwana ɗalibai, da maigidana da nake hangowa yana gyangyaɗi a bakin ƙofa, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka zaɓe ni in yi magana a madadin waɗanda suka koyi haɗa kiɗa da ƙirƙirarriyar basira. A gafarce ni idan muryata ta yi ƙasa, a gajiye nake.

Maigidana mai walda ne. Yini yake cikin ƙarar ƙarfe, ya dawo kunnuwansa na amo. Ni kuwa mai karatun littattafan soyayya ce, kuma burina ɗaya: in karanta masa labari da yamma, kiɗa na tashi a hankali a bayanmu, ya zauna ya saurare ni har ƙarshe.

Sai na rubuta wa manhajar da ke haɗa mana kiɗan irin abin da na saba karantawa: kiɗa mai ratsa zuciya, kamar ranar da masoyi ya dawo daga doguwar tafiya. Ta haɗo mini ganguna da jita da fiyano da muryoyi, kowa na rige-rigen a ji shi. Maigidana ya ajiye cokali ya ce, "Amarya, ashe shagon ne ya biyo ni gida?" Ya ɗauki kujerarsa ya fita waje. Na sake gwadawa, ya sake fita. Na ƙara kalmomi masu daɗi, ya ƙara nisa.

Da na kai kuka, malama ta ce, "Ƙanwata, kin faɗa mata abin da kike ji, ba ki faɗa mata abin da kunne zai ji ba."

To, 'yan uwa, ga abin da na riƙe. Na farko, ku faɗi kaurin sautin: kayan kiɗa nawa ne, a cunkushe suke ko a sake, mai santsi ne ko mai kaushi. Na biyu, ku faɗi ƙarfinsa: yadda zai fara, inda zai ɗaga, inda zai sauka. Abin da ba ku faɗa ba, manhajar ce za ta cike, kuma ba ta san gidanku ba.

Daga baya na rubuta: jita ɗaya, siririn sauti mai taushi, babu ganga, kada ya ɗaga ko kaɗan, ya dusashe a ƙarshe. Na kunna, na buɗe littafi. Bai fita ba. Kafin in juya shafi ya yi barci, kansa a kafaɗata.

Har yau bai san ko masoyan sun yi aure ba. Amma kujerar nan ta dawo ɗaki.

Allah Ya saka wa malamarmu da alheri, Ya hutar da duk mai gajiya, Ya mai da kowa gida lafiya. Wani ya taimaka ya tashe shi, mu tafi.

Na gode.