Mai Masa Bahaguwa

A wata rumfar littattafai kusa da Ƙofar Wambai, wata mata tana zaɓar wa ɗiyarta littafi, sai wani mutum da ke gefe ya sa baki.

"Madam, ajiye wannan mai dusar ƙanƙarar. Ina yarinya ta taɓa ganin ƙanƙara, in ba ta firji ba? Ɗauki wannan. 'Yar yankin Zungur ce ta rubuta, zanen ma na nan garin ne."

"Kai ne mai rumfar?"

"A'a, wucewa nake yi."

"Mu gani. Kai, akwai kuskure! Matar nan da hagu take juya masa a tanda. Wa zai saya?"

"Wa zai saya? Shekara talatin tana suya a Ƙofar Dumi da hagun nan, layi ake yi mata tun asuba!"

"Ka san ta ke nan."

"Mahaifiyata ce."

"Au! Mai wucewa, ashe kai ka zana."

Ya sosa ƙeya. Ta daɗe tana kallon hoton.

"Zan ɗauki biyu. Lilian ɗina bahaguwa ce, kullum malamarsu sai ta buge mata hannu. Ɗayan na malamar ne."