Ɗan Sanda a Ƙofa

A tashar Birnin Gwari, shekarar da kwalara ta dawo karo na biyu, Wakili manomin Kuyello yana jiran motar Kaduna, sai wani falken goro ya zauna kusa da shi yana fifita da katin rigakafi. Wakili ya kasa ɗauke ido daga katin.

"Malam, ina ake raba wannan?"

"Gana. Da ciwon ya dawo, kowa sai da suka yi masa allura a bakin iyaka. A Nijar kuma na ji rijiyoyi suka bi suna zuba magani."

"Ka ji masu gwamnati! Mu nan cikin daji, motar allura tun daga bakin rafi ta juya, wai laka ta yi yawa."

"Kada su ba ka sha'awa, ɗan'uwa. Ƙanena a can Gana ya rasu, suka hana ni wanke shi. Wasu masu safar hannu suka feshe shi da magani suka binne, ina tsaye kamar bare."

"Hana ka suka yi? Da ƙarfi?"

"Har da ɗan sanda a ƙofa!"

Wakili ya daɗe yana murza hularsa.

"Mu ba wanda ya hana mu komai. Matata Tasalla ta wanke uwarta da hannunta ranar Talata, kamar yadda aka saba. Ranar Juma'a ita aka wanke." Ya sake kallon katin. "Kai dai ka more, Malam. Ina ma an ara mini ɗan sandan nan, ko na yini ɗaya."