Ƙunshin Takarda

Wata biyu ke nan da gwamnatin jiha ta hana amfani da leda. Ina zaune a kan benci a rumfar wata tsohuwa mai sayar da hatsi, sai wani mai babur ya tsaya sayen wake.

"Iya, zuba min a leda mana. Babu mai gani."

"Ni ina gani, ɗana. A takarda zan ƙunsa maka."

"Takarda? A kan babur? Kafin in kai gida na ciyar da kajin unguwa kaf! Bari in duba wata rumfar."

"Tsaya tukuna." Ta murɗa takardar, ta zuba, ta lanƙwasa bakin sau uku, ta soke shi ciki. "Ungo. Jefar da shi ƙasa."

"Da gaske?"

"Jefa! Ko ƙwaya ɗaya ta fita, na ba ka kyauta."

Ya jefa. Ƙunshin ya gangara har gindin tayarsa, bai buɗe ba.

"Ikon Allah! Ba zare, ba gam?"

"Hannu ne kawai. Da leda ta shigo, 'ya'yana dariya suka riƙa yi mini, wai na tsufa da ƙauyanci. Yanzu duk layin nan ni na koya musu. Har mai babban kanti ya zo ya durƙusa a nan."

Mai babur ya ɗauki ƙunshin, ya daɗe yana jujjuya shi.

"Haka marigayiya mahaifiyata take yi. Ban taɓa tsayawa na kalla ba." Ya kashe babur ɗin. "Iya, kwance ki sake. A hankali."