Jan Gemun Hamon Mai Niƙa

A gafarce ni, ya mai karatu, da na ɗora maka nauyin waɗannan shafuka a lokacin da kowa ke fama da girbi. Ni ne Jocelin Marwood, magatakardan Ƙungiyar Giciye Mai Tsarki ta garin Eldersham. Abin da ke biye shi ne jawabin da na yi a zauren ƙungiya ranar da Hamon Fulbeck mai niƙa ya cika kwana talatin da rasuwa. 'Yan'uwa suka ce in kwafe shi a aika wa waɗanda ba su sami zuwa ba, musamman Maigida Lambert Daunay, sabon wakilin gandu. Ban yi karatu a manyan birane ba. Ɗan abin da na sani, daga ƙananan littattafan da 'yan koli ke kawowa kasuwar shekara na tsinto shi. In an ga tuntuɓe a ɗora wa alƙalamina, kada a ɗora wa mamacin.

Ina fara gaisuwa da Fada Benet, limamin cocinmu, domin masu addu'a su ne a gaba. Ina gaida ubangidanmu Sir Aumary Colvile, mai wannan ƙasa da kogin da ya ratsa ta, ko da yake yana nesa wurin hidimar sarki. Ina gaida wakilinsa, Maigida Lambert, wanda muka ajiye wa kujera ga ta can kusa da murhu, uzuri kuwa ya hana shi zuwa. Ina gaida shugaban ƙungiya da dattawanta, da masaƙa, da maƙera, da majema, da masu gasa burodi, da manoman da ke tsaye a bakin ƙofa. Sannan waɗanda al'ada ta sa a ƙarshe, baƙin ciki kuwa ya sa su a farko: Uwargida Avice, matar marigayi, da ɗansu Osbert. In na gabatar da wanda ya kamata ya biyo baya, ku yafe mini. Littafi biyu na duba a kan jerin girma, kuma ba su yarda da juna ba game da maƙera da majema.

'Yan'uwa, mun taru ne mu tuna da mutumin da babu gida ɗaya a garin nan da bai ci daga hannunsa ba.

Ya kasance mai riga zakara tashi, har matanmu sun fi yarda da ƙarar dutsen niƙansa a kan ƙararrawar coci. Ya kasance mai ɗaukar rabon niƙa da mudun da ubansa ya bar masa, ya shafe bakin mudun da sanda a gaban mai hatsi, ba ya yarda a juya masa baya yana awo. Ya kasance, shekarar da kogi ya cika ya tafi da gada, shi ne ya buɗe mashigar ruwansa don kada ambaliya ta ci gidajen majema, alhali ya san ƙafar katakon da ruwa ke juyawa ta juya dutsen niƙansa za ta karye, ta kuwa karye, ya yi rabin hunturu yana gyara. Ya kasance mai tari irin na masu shaƙar gari, bai taɓa kwanciya dominsa ba sai kwanciyar da bai tashi ba.

Ga Wymond mai burodi nan, abokinsa tun suna yara. Jiya na tambaye shi abin da zan faɗa a madadinsa, sai ya ce, "Kai, mai tawada, rubuta gaskiya. Shekara da shekaru ina sake auna garinsa a ɓoye, ina roƙon Allah in kama shi ko da cokali ɗaya ne, in sami abin zolayarsa a mashaya. Mugun nan bai taɓa ba ni wannan daɗin ba."

To, yanzu dole in taɓa maganar da ta hana ni barci mai daɗi tun da aka zaɓe ni, kuma ina roƙon ku da kuka san ta ku yi haƙuri in faɗe ta tun daga tushe, saboda wanda bai sani ba.

Kowace shekara, ranar Idin Jikin Almasihu, mukan jawo amalanke tsakiyar kasuwa mu yi Wasan Hisabi a kansa. Mala'ika na riƙe da ma'auni, mutanen duniya na hawa ɗaya bayan ɗaya bisa matsayinsu, masu addu'a, masu yaƙi, masu aiki, kowa ya faɗi aibinsa da bakinsa. Mutanen nan ba mu muka ƙirƙire su ba. Duk wanda ya taɓa sauraron tatsuniya a gefen wuta ko ya buɗe ɗan littafi ya san su: limami mai son gasasshen agwagwa fiye da addu'ar asuba, barde mai sulke da ya fi jarumta a kan kajin talakawa, wakilin gandu mai rama da wayo, ɗan kasuwa mai rantsuwar ƙarya, magatakarda mai koɗaɗɗiyar riga, da mai niƙa, ƙato mai jan gemu, wanda babban yatsansa ke hutawa a kan ma'auni. Ban taɓa karanta labarin da mai niƙa ya fito mutumin kirki ba.

A zamanin kakanninmu wani masaƙi ne ya fito a matsayin mai niƙa, ya ƙara gishiri, dangin mai niƙa na lokacin suka tare shi a bayan coci suka zubar masa da haƙora. Daga nan dattawa suka kafa doka: babu mai faɗin aibin sana'ar da ba tasa ba. Shi ya sa Fada Benet da kansa yake hawa ya lashi yatsa yana ambaton agwagwa, shi da muka san yana azumi har ya rame. Shi ya sa ni nake hawa da tawa koɗaɗɗiyar rigar. Shi ya sa kuma Hamon, siriri, mai furfurar haɓa, ya kasance mai ɗaura jan gemu na ulu da Uwargida Avice ta rina masa, ya cusa ciyawa a kafaɗunsa, ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Wannan yatsa ya fi mini gonar kowa albarka, domin ba ya jiran ruwan sama!"

Mu kuwa mukan yi ihu, "Ɓarawo! Ɓarawo!" muna jifansa da kututturen kabeji. Washegari mu ɗauki alkamarmu mu kai masa.

Na tuna wata shekara ina bayan amalanke Uwargida Avice na ɗaura masa gemun. Ta ce, "Baban Osbert, tsaya cik mana, kana motsi kamar akuyar da ake tatsa."

Ya ce, "Ƙaiƙayi yake, mata. Ke ulu kika rina ko ƙuma kika tara?"

Ta ce, "Ƙuman ma daga rigarka suka fito. Ni fa har yau ba na jin daɗin a kira mijina ɓarawo a gaban 'yan ƙauye."

Ya ce, "In ban hau ba wani zai hau, shi kuma da gaske zai faɗe ta. Gara su zage ni rana ɗaya da bakina, su yarda da muduna sauran shekara."

Bana Maigida Lambert ya iso garinmu ana jibi idi. Tsohon wakili ya rasu cikin azumi, sabon kuwa bai kama aiki ba tukuna, saboda haka aka tsallake matsayin wakili a wasan, babu wanda ya hau dominsa. Maigida Lambert ya kalli wasa daga tagar masauki. A inda ya fito, kamar yadda aka gaya mini, 'yan wasa baƙi ne masu yawo gari gari. Da ya ga mai jan gemu sai ya tambayi mai masauki ko wane ne, aka ce, "Ai mai niƙanmu ne, ranka ya daɗe." Ya ce, "Na gaske?" Aka ce, "Na gaske, shi da kansa." Ba wanda ya ƙara masa bayani, domin ba wanda ya san akwai abin bayani.

Da Hamon ya rasu, Osbert ya je ya durƙusa ya nemi a bar masa gidan niƙa kamar yadda aka bar wa ubansa da kakansa. Amsar da ya samu ita ce, "Saurayi, da kunnena na ji ubanka ya ce yana danne ma'auni, a gaban gari duka, garin kuma ya amsa masa da ɓarawo, ba wanda ya musa. Yaya zan damƙa dutsen ubangidana a hannun gidan nan?" Za a yanke magana a zaman kotun gandu na Idin Mika'ilu. In aka hana, gidan niƙa da ɗakin kwanan da ke jikinsa abu ɗaya ne. Uwargida Avice da ɗanta za su kwashe kayansu hunturu na ƙofa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Jocelin ya zargi wakili. Allah ya kiyaye bakina. Mutum ne mai tsare amanar ubangidansa, abin da ya ji kuwa ya ji shi. Mu ne muka yi ihun. Mu ne muka yi jifan. Abin da nake tsoro shi ne kada dariyarmu ta rana ɗaya ta zama shaidar da za ta raba gwauruwa da murhunta.

Uwargida Avice, kin ciyar da rabinmu miyar wake a ƙofar niƙa muna jiran layi. Ki sani duk mai hannu a zauren nan zai ɗaga shi ranar kotu.

Osbert, shekaranjiya ka tare ni a kan gada ka ce, "Kawu, in an ba ni gidan niƙa, dole ne ni ma in hau amalanken nan?" Na ce dole ne, sai ka kau da kai kana kallon ruwa. Ban ga laifinka ba, ɗana. Amma ka ji abin da mahaifiyarka ta gaya mini da safen nan: ta wanke gemun, ta taje shi, ta ajiye a ƙasan akwati. Ta ce, "Ubansa ya ɗaura shi kansa a ɗage. In ƙaiƙayi yake tsoro, zan sa masa shafi."

Ina gode wa Fada Benet da ya yi mana addu'ar sadaka mai tsarki a coci, da Wymond da ya kawo burodi, da matan da suka dama giya, da ku duka. Ya Ubangiji, Kai da ma'auninka ba ya karkata, ga bawanka Hamon ya hau gabanka ba gemun aro, ba ciyawa a kafaɗa. Ka auna shi da mudun da ya auna mana. Ka ba shi hutawa ta har abada, Ka sanyaya zuciyar iyalinsa, Ka ba masu yanke hukunci a cikinmu kunne mai haƙuri. Amin.

Nan jawabi ya ƙare. Ga Maigida Lambert Daunay kuma, ranka ya daɗe, da umarnin dattawan ƙungiya, ina miƙa roƙo uku:

1. A yarda Wymond mai burodi da magidanta goma sha biyu su rantse a gaban kotu a kan mudun marigayi, a kuma kawo mudun a gwada shi da na gandu.

2. A sanar da Uwargida Avice matsayinta kafin ranar kotu, domin in tashi ne ta nemi wurin da za ta kai kazarta da tukunyarta tun ruwa bai daskare ba.

3. Wannan na jima ina jujjuya shi, amma doka ce, ba ni da ikon ɓoye ta. Matsayin wakilin gandu a Wasan Hisabi, wakili mai ci ne kaɗai ke hawa dominsa, kuma baɗi naka ne. Maganar ba ta da tsawo. Wakili kan shafa jakarsa ya ce, "Rumbun ubangidana ƙofa biyu gare shi, ɗaya ya sani, ɗaya ni kaɗai na sani." Daga nan jama'a su yi abin da suka saba. Wakili na hawa bayan barde, mai niƙa kuwa na tsaye a ƙasa yana riƙe masa tsani. Dukanmu mun san ba haka kake ba, kuma ba wanda zai kai maganar kunnen Sir Aumary a matsayin shaida.

Ina jiran amsa a rubuce kafin jajiberin Idin Mika'ilu. A haɗa da tsawon kafaɗa zuwa gwiwa, domin tsohon wakili gajere ne, sai an saki rigar wasan.